Shekara 19 Ana Jira, Firji Ɗaya Ya Ɓata Lissafi: Abin Da Ɗoki Da Fasaha Suka Yi Wa Indiana Jones

A ranar 22 ga Mayu, 2008, aka saki fim na huɗu a jerin finafinan Indiana Jones, mai suna Indiana Jones and the Kingdom of the Crystal Skull. Shekara 19 ke nan cif masoya suna zuba ido, domin na ukun ya fito ne tun watan Mayun 1989. Yaron da ya kalli na ukun yana ɗan firamare, a lokacin ya riga ya zama magidanci. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 790 a faɗin duniya, kuma a shekarar babu wanda ya sha gabansa sai The Dark Knight. Duk da haka, idan ka ambaci sunansa a gaban tsofaffin masoyan jarumin a yau, abin da zai fara zuwa bakinsu shi ne firji.

Bayan shekara 15 aka sake gwadawa da fim na biyar, a wannan karon da taimakon ƙirƙirarriyar basira wadda ta mayar da dattijo mai shekara kusan 80 saurayi. Shi kuma ko uwar kuɗi bai mayar ba. Duk wanda ya taɓa ƙona datarsa yana maimaita tallan fim a YouTube, ko ya zauna jiran kashi na biyu na wani fim har ya gaji, akwai abin da zai ƙaru da shi a wannan labari. Sai dai a sani, za a taɓo yadda finafinan biyu suka ƙare, saboda haka wanda bai kalla ba ya yi hattara.

Wane ne Indiana Jones?

Malamin jami'a ne, masanin kayan tarihin da ke binne a ƙasa, wanda yakan ajiye alli ya ɗauki bulala da malafa ya shiga duniya neman tsofaffin abubuwa kafin miyagu su riga shi. George Lucas, mai Star Wars, shi ya ƙirƙiro shi, Steven Spielberg ya ba da umarni, Harrison Ford kuma ya hau matsayin.

Na farko, Raiders of the Lost Ark, ya fito a 1981, inda Indiana ke tsere da sojojin Nazi na Jamus wajen neman Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila. An kashe kimanin dala miliyan 20 wajen shirya shi, ya samo sama da miliyan 300, ya zama fim mafi kawo kuɗi a shekarar. Na biyu, Temple of Doom, ya fito a 1984, kuma masu kallon finafinan Indiya za su gane fuskar mugun ciki nan take: Amrish Puri ne, wanda daga baya ya fito a matsayin Mogambo a Mr. India. Labarin a Indiya yake faruwa, amma a Siri Lanka aka ɗauka, domin hukumomin Indiya ba su gamsu da yadda rubutun ya nuna mutanensu ba. Na uku, The Last Crusade, ya zo a 1989 tare da Sean Connery a matsayin mahaifin Indiana. A ƙarshensa an ga jaruman sun hau dawakai sun nufi mafaɗar rana bayan sun baro tsohon birnin Petra na ƙasar Jodan. Kowa ya ɗauka an rufe littafin ke nan.

Lokacin da dutse dutse ne, maciji maciji ne

Babban abin da ya sa mutane suka riƙe finafinan ukun farko shi ne yadda aka yi su. A wancan zamanin kwamfuta ba ta kai ta zana daji ko dabba ba, don haka kusan duk abin da ido ya gani ya taɓa wanzuwa a gaban kyamara.

Ƙaton dutsen da ya biyo Indiana a farkon Raiders ƙera shi aka yi aka gangaro da shi, Ford da kansa yana gudu a gabansa. Ramin macizai an zuba masa dubban macizai masu rai. Wajen da aka ja Indiana a ƙarƙashin babbar mota tana tafiya, wani gwanin wasan kasada mai suna Terry Leonard ne ya shiga ƙasan motar da gaske. Fuskar mugun da ta narke a ƙarshe, kai ne aka haɗa da wani abu mai narkewa, aka kunna masa zafi, aka ɗauki hoton a hankali sannan aka ƙara masa sauri. A fim na uku kuwa, sai da aka yi kiwon ɓeraye kusan 2,000 musamman domin fitowa ɗaya a ƙarƙashin birnin Venis.

Har rashin lafiya ta taimaka. A Tunisiya an tsara Indiana zai yi dogon faɗa da wani mai takobi a kasuwa, amma ciwon ciki ya kwantar da Ford, sai aka taƙaita abin: mai takobi ya gama wulwula takobinsa, Indiana ya zaro bindiga ya harbe shi. Wannan fitowa tana cikin waɗanda aka fi tunawa a duk jerin.

Jiran da ya ƙi ƙarewa

Daga farkon shekarun 1990 aka fara maganar na huɗu. Abin da ya riƙe shi ba kuɗi ba ne, saɓanin ra'ayi ne tsakanin mutum uku da dole sai sun yarda baki ɗaya. Hujjar Lucas ita ce: finafinan farko sun kwaikwayi gajerun finafinan kasada na shekarun 1930, to tunda Ford ya manyanta dole labarin ya matsa zuwa shekarun 1950, kuma abin da ake yayi a finafinan wancan lokacin shi ne bam ɗin nukiliya da halittun wata duniya. Spielberg da Ford ba su so batun halittun ba.

Marubuta suka riƙa zuwa suna tafiya. Frank Darabont, wanda ya ba da umarnin The Shawshank Redemption, ya rubuta cikakken labari wanda Spielberg ya yaba, Lucas ya ce bai yi masa ba. A ƙarshe rubutun David Koepp aka ɗauka, aka fara aiki a watan Yunin 2007, Ford na da shekara 64.

Duba abin da ya canza a duniya cikin waɗannan shekaru. A 1989 labarin fim sai a jarida ko mujalla ko talabijin. Zuwa 2007 akwai YouTube, akwai Facebook da Twitter, kuma a wannan watan na Yuni aka fara sayar da iPhone ta farko. Duk hoton da ya ɓulla daga wajen ɗaukar fim, cikin sa'o'i ya zaga duniya. An sace kwamfutoci da hotuna daga ofishin shirya fim ɗin, aka kama wani yana ƙoƙarin sayar da su ga shafukan intanet. Wani ƙaramin ɗan wasa ya fasa wa wata jarida sirrin labarin duk da ya sa hannu a takardar kame baki, maganar ta kai kotu. Ko sunan fim ɗin sai da aka mayar da shi biki, inda Shia LaBeouf ya sanar da shi a taron kyaututtukan MTV a watan Satumban 2007.

Masu shiryawa kuma sun ƙara wa wutar fetur. Sun riƙa cewa za a koma tsohon salo, za a yi wasan kasada na gaske, ba za a dogara da kwamfuta ba. Spielberg ya ɗauki fim ɗin da kyamara mai amfani da zaren fim, mai ɗaukar hotonsa Janusz Kamiński ya zauna ya nazarci hasken Douglas Slocombe, wanda ya ɗauki ukun farko. Da wannan alkawari a zuciya masoya suka shiga sinima.

Firji, birai da baƙin halittu

Labarin yana faruwa a 1957. A maimakon 'yan Nazi, abokan gaba yanzu jami'an Tarayyar Sobiyet ne ƙarƙashin Irina Spalko, wadda Cate Blanchett ta fito a matsayinta. Karen Allen ta dawo a matsayin Marion, tsohuwar masoyiyar Indiana, LaBeouf kuma ya fito a matsayin Mutt, wanda daga baya aka gano ɗansa ne.

Tun a mintunan farko aka fara samun matsala. Indiana ya tsinci kansa a wani garin bogi da aka gina a hamadar Nebada domin gwajin bam ɗin nukiliya. Da ya ga babu mafita sai ya shige cikin firji mai rufin dalma. Bam ya tashi, gari ya zama toka, firji ya yi sama ya faɗo can nesa yana mirginawa, Indiana ya fito yana kakkaɓe jiki. Daga nan aka samu sabon karin magana a Turanci, "nuke the fridge", ma'ana lokacin da jerin finafinai ya wuce gona da iri har ya zubar da mutuncinsa. Mujallar Time ta saka shi cikin kalmomi goma da suka fi tashe a 2008. Abin dariya, a 2011 Spielberg ya ce shi ya kawo shawarar firjin, a zarge shi. Daga baya Lucas ya ce Spielberg kare shi kawai yake yi, shawararsa ce, har ma ya tara takardu domin nuna cewa mutum zai iya tsira a haka.

Sai tseren motoci a dajin Amazon, inda Mutt ya riƙa lilo daga wannan reshe zuwa wancan tare da garken birai da kwamfuta ta zana. Sai manyan tururuwa masu cinye mutum, su ma na kwamfuta. A ƙarshe ƙwarangwal na wasu halittu suka haɗe suka zama halitta ɗaya, wani jirgi mai kama da faifai ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya ɓace.

Akwai kuma batun wuri. Ukun farko sun je Tunisiya, Siri Lanka, Sifaniya, Italiya da Jodan. Na huɗun kusan gaba ɗaya a cikin Amurka aka ɗauke shi, dajin Amazon ɗin ma a Hawai yake, aka cike sauran da kwamfuta. Mutanen Peru sun yi ƙorafi kan kurakuran tarihi, musamman inda Indiana ya ce a wajen mutanen Pancho Villa ya koyi yaren Kecuwa, alhali Villa ɗan Meziko ne, yaren kuma na yankin tsaunukan Andes ne. Jam'iyyar Kwaminis a Rasha ta nemi a haramta fim ɗin.

Su kansu ƙoƙunan kai na ƙarau da aka gina labarin a kansu suna nan a zahiri. Akwai ɗaya a gidan tarihi na British Museum da ke Landan, akwai wani a Smithsonian da ke Washinton. Da masana suka duba su da madubin lantarki mai ƙara girman abu, sai suka ga alamun injin gurza mai juyawa, wanda mutanen da na Amurka ta Tsakiya ba su da shi. Wato ƙirar ƙarni na 19 zuwa sama ce aka sayar da sunan kayan tarihi.

Shin laifin kwamfuta ne?

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Mad Max: Fury Road ya fito a 2015, shekara 30 bayan wanda ya gabace shi, ya ci kyautar Oscar shida. Top Gun: Maverick ya fito a 2022, bayan shekara 36, ya tara kusan dala biliyan 1.5. Ana yabon su biyun a matsayin finafinan da aka yi da gaske, amma kowannensu na ɗauke da sama da hotuna 2,000 da aka taɓa da kwamfuta.

Bambancin yana wajen abin da aka fara ɗauka. A Fury Road motoci na gaske aka kifar a hamadar Namibiya, sannan kwamfuta ta goge igiyoyin tsaro ta ƙara duwatsu da ƙura. A Maverick an ɗaura kyamarori shida a cikin jirgin yaƙi, 'yan wasa suka tashi sama da gaske, fuskokinsu suka nuna nauyin da jiki ke ji idan jirgi ya yi kwana. Kwamfuta ta zo daga baya ta canza siffar jirgin ko ta ƙara wasu. Idon mutum ya ƙware wajen gane nauyi da haske. Idan tushen hoton na gaske ne, ido yakan yafe ƙarin da aka yi. Idan kuwa mutum na lilo a reshen da babu shi, cikin hasken da bai dace da na dajin ba, ƙwaƙwalwa takan gane tun kafin mai kallo ya san abin da ya dame shi, kuma daga nan tsoron kada jarumi ya faɗo ya tafi.

Sai dai a yi wa fim ɗin adalci. A Temple of Doom, Indiana ya faɗo daga jirgin sama a cikin kwalekwalen roba, ya sauka a kan dusar ƙanƙara, ya gangara ya faɗa kogi, ko ƙwarzane bai samu ba. Wannan bai fi firji hankali ba. Abin da ya bambanta shi ne shekarun mai kallo: wancan ya gan shi yana ɗan shekara goma, wannan kuma yana ɗan talatin, bayan ya shafe shekara 19 yana shirya nasa fim ɗin a zuci. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Spielberg na iya dawo da malafa da bulala da kiɗan John Williams, amma yarintar mai kallo ba ta hannunsa.

Shi ya sa alƙaluman suka rabu biyu. A shafin Rotten Tomatoes kusan kashi 77 cikin 100 na masu sharhi sun yaba fim ɗin, shahararren mai sharhi Roger Ebert ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu, amma makin 'yan kallo ya tsaya a wajajen kashi 53. An ba shi kyautar shaguɓe ta Golden Raspberry a rukunin ci gaban fim mafi muni. A 2010 LaBeouf da kansa ya fito ya ce bai sauke nauyin da aka ɗora masa ba.

Zagaye na biyu

A watan Oktoban 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan dala biliyan 4.05. A watan Maris na 2016 aka sanar cewa fim na biyar zai fito ranar 19 ga Yuli, 2019. Aka ɗaga zuwa 2020, aka ɗaga zuwa 2021, sai 2022, sai 30 ga Yuni, 2023. A tsakani Spielberg ya sauka daga kujerar darakta a 2020, James Mangold mai fim ɗin Logan ya karɓa, annobar korona ta tsayar da komai, Ford kuma ya ji ciwo a kafaɗa a 2021 yana gwajin wata fitowar faɗa.

Indiana Jones and the Dial of Destiny ya gyara wasu kurakuran baya. An fita waje, an ɗauka a Ingila, Sikotlan, tsibirin Sisili da Maroko. 'Yan Nazi sun dawo ta hannun Mads Mikkelsen. Abin da ake nema a labarin kuma na'ura ce da masu sha'awar fasaha ya kamata su sani: na'urar Antikythera, wadda aka tsamo a 1901 daga wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da wani tsibirin Girka. Ta haura shekara 2,000, tana da giyoyin tagulla kusan 30 da suka rage, kuma da ita ake lissafin tafiyar rana da wata da lokacin husufi. Masana da yawa na kiran ta kwamfuta mafi tsufa da aka sani. Tana nan a gidan tarihi na birnin Atina. Fim ɗin ne ya ƙara mata ikon nuna ƙofar shiga wani zamani, har Indiana ya je ya haɗu da Archimedes.

Fuskar saurayi, muryar dattijo

Abin da aka fi tallatawa shi ne kusan mintuna 25 na farko, waɗanda ke faruwa a 1944, inda ake ganin Ford kamar yadda yake a shekarun 1980. Kamfanin ILM, wanda Lucas ya kafa a 1975, shi ya yi aikin, kuma sama da ma'aikata 100 suka shafe kimanin shekara uku a kai.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ford ya yi wasan da kansa, da ɗigo-ɗigo a fuskarsa da ƙarin kyamarori a gefen babbar kyamara domin kama motsin kowace tsoka. Lucasfilm na da tarin hotunansa na shekaru masu yawa, har da waɗanda ba a taɓa fitarwa ba. Aka ciyar da manhaja mai koyo da waɗannan hotuna har ta san yadda fuskarsa take a kowace kusurwa da kowane irin haske. Sannan aka ƙera cikakken kansa a kwamfuta, aka haɗa sakamakon biyun, masu zane suka bi hoto ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu. Dangin fasahar nan ce ta bidiyon bogi da ake ɗora fuskar wani a jikin wani. A 2021 ma ILM ta ɗauki wani mai tashar YouTube da ake kira Shamook aiki, bayan ya gyara fuskar Luke Skywalker ta shirin The Mandalorian har mutane da dama suka ce tasa ta fi ta kamfanin kyau.

Idan fuskar na tsaye cikin duhu, da wuya ka gane. Da zarar ta fara magana sai asiri ya tonu, domin muryar ta mutum mai shekara kusan 80 ce, ga kauri ga gajiya. A wasu wuraren idanun ma kamar babu rai a cikinsu. Tun 1970 wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya bayyana wannan: abin da ya yi kama da mutum sosai amma bai cika ba ya fi tayar da hankali a kan wanda bai yi kama da shi ba ko kaɗan. An ga irin haka a The Irishman na 2019, inda aka mayar da fuskar Robert De Niro ta matashi amma tafiyarsa da shurinsa suka ci gaba da zama na tsoho.

Makonni biyu bayan fitowar fim ɗin, ranar 14 ga Yuli, 2023, ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta shiga yajin aikin da ya ɗauki kwana 118. Cikin manyan buƙatunsu akwai cewa kada kamfani ya kwafi fuska ko muryar ɗan wasa da ƙirƙirarriyar basira ba tare da izininsa da biyansa ba. Ford yana raye, ya amince, an biya shi. Tambayar ta fi zafi ga ƙananan 'yan wasa, da ma duk wanda ya zuba ɗaruruwan hotunansa da bidiyonsa a TikTok da Instagram, domin irin wannan tarin ne manhajar ke buƙata.

Hukunci kafin kallo

A 2008 mutane sun kalli fim ɗin sannan suka yi fushi. A 2023 da yawa sun yi fushin tun kafin su kalla. Watanni kafin fitowarsa jita-jita ta cika YouTube da Twitter cewa za a kashe Indiana ko a shafe shi daga tarihi, a miƙa malafarsa ga Helena, 'yar amininsa, wadda Phoebe Waller-Bridge ta fito a matsayinta. A watan Disamban 2022 Mangold ya fito a Twitter ya ƙaryata. Da fim ya fito an ga babu wannan a ciki, amma bidiyoyin sun riga sun tara masu kallo, masu su sun karɓi kuɗin talla. Tsarin da ke zaɓo maka bidiyo yana auna abin da ka danna da tsawon lokacin da ka tsaya, bai san gaskiya ko ƙarya ba, kuma fushi na cikin abubuwan da suka fi tsayar da mutum.

Disney ma ta yi nata kuskuren lissafi. Ta kai fim ɗin bikin Cannes na Faransa ranar 18 ga Mayu, 2023, inda aka karrama Ford. Sharhin farko ya fito da sanyi, makinsa a Rotten Tomatoes ya faɗi ƙasa da kashi 60, iyakar da shafin ke kiran fim ruɓaɓɓe. Makonni shida wannan lamba tana yawo a wayoyin mutane kafin a buɗe sinima. Daga baya ta hau zuwa wajajen kashi 70, makin 'yan kallo da suka sayi tikiti kuma ya kai kusan 88, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A ƙarshen makon farko fim ɗin ya samu kimanin dala miliyan 60 a Amurka, a duniya gaba ɗaya kuma ya tsaya a wajajen miliyan 384. Rahotannin farko sun ce an kashe kusan miliyan 300 wajen shirya shi, takardun da aka shigar a Birtaniya daga baya suka nuna abin ya haura miliyan 380, ban da kuɗin talla. Tunda gidajen sinima kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, asarar ta wuce dala miliyan 100. Kaso mai yawa na waɗanda suka je kallo manya ne, matasa ba su taso da jarumin ba, kuma makonni uku bayan nan Barbie da Oppenheimer suka kwashe kasuwa. Wanda aka fi zagi shi ya kawo riba, wanda 'yan kallo suka fi yi wa sassauci shi ya jawo asara.

Inda masoya suka samu abin da suke nema

A ranar 9 ga Disamba, 2024, kamfanin MachineGames na ƙasar Suwidin ya saki wasan bidiyo mai suna Indiana Jones and the Great Circle a Xbox da kwamfuta, sai PlayStation 5 a watan Afrilun 2025. Labarin yana faruwa a 1937, tsakanin fim na farko da na uku. Fuskar ta Ford ce ta ƙuruciya, muryar kuma ta ɗan wasa Troy Baker ce, wanda ya kwaikwaye shi da bakinsa. Ford ya yaba masa, ya kuma nuna cewa aikin Baker hujja ce a kan ba sai da ƙirƙirarriyar basira ake iya kwaikwayonsa ba. Microsoft ta ce mutum miliyan 4 suka buga wasan cikin makonnin farko, masu sharhi da dama suka ce ya fi finafinan biyu na ƙarshe kama ruhin na asali.

Komai na wasan kwamfuta ce ta zana shi, har ma sai katin hoto mai iya lissafin tafiyar haske yake karɓa. Babu wanda ya yi ƙorafin haka, domin mai riƙe da madannin wasa ya san tun farko zane yake kallo, ba a yi masa alkawarin wani abu daban ba.

Kafin ka ƙona data a kan fim na gaba

Tallan fim na minti biyu ana haɗa shi ne daga mafi kyawun hotunan fim mai awa biyu, sau da yawa ma wani kamfani daban ke yanka shi, kuma wani lokacin da hotunan da ba za su shiga fim ɗin ba. Ka ɗauke shi a matsayin talla.

Lambar Rotten Tomatoes tana nuna yawan masu sharhin da suka ce fim ya yi, ba ta nuna yadda ya yi kyau ba. Fim ɗin da kowa ya ce ba laifi zai iya samun kashi 95, wanda ya raba kan jama'a tsakanin masu matuƙar so da masu ƙi ya tsaya a 55. Ka kuma duba ko makin 'yan kallon na waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti ne. Shafin ya kawo wannan tsari a 2019, bayan an riƙa yi wa wasu finafinai ruwan mummunan sharhi tun ba su fito ba.

Idan ka ga bidiyo na cewa ya samo sirrin ƙarshen fim daga majiya, ka duba tsofaffin bidiyoyin mai tashar ka ga sau nawa maganarsa ta tabbata. Idan ba ka son a fasa maka labari, manhajojin X da Instagram da TikTok duk suna da wajen toshe kalmomi a saitinsu, sai ka saka sunan fim ɗin da na jarumansa har ka kalla.

Sannan idan wani tsohon fim ne ya sa kake ɗokin sabon, ka sake kallon tsohon a makon da sabon zai fito. Za ka ga nasa kurakuran da idon yanzu, kuma za ka auna sabon da fim ɗin da aka yi da gaske, ba wanda ƙwaƙwalwarka ta yi ta gyarawa tsawon shekaru ba. Wanda bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin biyar ɗin ba ya fi kowa sa'a a nan: ya fara da Raiders of the Lost Ark na 1981, ya bi su a jere, idan ya iso wajen firjin sai ya yanke nasa hukuncin.